Mai jifan da bai jefa ƙwallo ko ɗaya ba

Ku tsaya ku kalli wannan layin na kundin tarihin besbol da kyau. Suna: Larry Yount. Wasannin da ya buga a babbar gasar besbol ta Amurka: 1. Duk sauran gurabe kuwa sifili ne. Mai jifa ne, wato wanda ke jefo ƙwallo don abokin hamayya ya buga da sanda, amma bai fuskanci mai bugu ko ɗaya ba, bai jefa ƙwallo ko ɗaya ba. Masu ganin layin nan da yawa cewa suke yi kuskuren rubutu ne. To, ba kuskure ba ne.

A gurguje: Houston Astros ta ɗauke shi a 1968, ya yi ta fama a ƙananan gasanni, sai a watan Satumban 1971 aka kira shi sama yana ɗan shekara 21. Ranar 15 ga wata, a filin Astrodome, Atlanta Braves na gaba da ci 4 da 1, an shiga zagaye na tara. Koci ya ce a kira yaron.

Nan ne wurin da ake rikicewa, don haka bari mu tafi a hankali.

Mu da muka saba da ƙwallon ƙafa, mun san canji ba ya cika sai ɗan wasa ya taka cikin fili. Ko an ɗaga allo, in bai shiga ba, bai buga ba. Besbol ba haka take ba. Da zarar koci ya sanar da alƙalin wasa, aka shelanta sunanka, shi ke nan, ka shiga wasa. Mai rubuta bayanan wasa ya riga ya sa alƙalami. Jifa kuma daga baya ne.

Ga Larry ya hau tudun tsakiyar fili, inda mai jifa ke tsayawa. Tsakaninsa da mai cafewa mita 18 da ɗoriya. Doka ta ba shi 'yan jife-jife na ɗumama hannu, waɗanda ba a lissafa su. A cikinsu ne gwiwar hannunsa ta ƙi.

Wani zai ce ai dole ne sabon mai jifa ya fuskanci mai bugu kafin a cire shi. Gaskiya ne: a lokacin mutum ɗaya, tun 2020 kuma uku, ko ya kai ƙarshen zagayen. Amma dokar ta bar ƙofa guda, wato rauni. Ta wannan ƙofar Larry ya fita, Jim Ray ya karɓe shi. Suna ya shiga littafi, hannu bai yi aiki ba.

Ni dai ban ga laifinsa ba. Yaro ne, hannun nan shi ne jarinsa, kuma Hank Aaron, shahararren mai bugu na Braves, na cikin masu jiran sa da sanda. Wa zai je gaban Aaron da hannu mai ciwo? Da wa aka haɗa baki? Lissafinsa, gobe ma rana ce.

Goben ce ba ta zo ba. Ya koma ƙananan gasanni, ya yi wasu shekaru, ya ajiye, ya shiga harkar filaye da gine-gine a Arizona.

Sai kuma ƙaninsa, Robin Yount. Shekara 20 a Milwaukee Brewers, bugu mai nasara 3,142, ya shiga zauren gwarzayen besbol a 1999. Gida ɗaya suka fito. Yanzu ku koma ku sake duba layin Larry.