Gyatsa Daban, Narkewar Abinci Daban

Jama'a, duk bayan Babbar Sallah sai maganar nan ta cewa kanwa ko lemon kwalba na narkar da nama ta sake cika wayoyinmu. Mutum ya ci nama ya yi nak, ya jiƙa kanwa ko ya fasa lemon kwalba, ya kurɓa, ya saki gyatsa, ya ce alhamdu lillahi, abinci ya faɗa.

Neman maganin narkar da abinci ba yau aka fara ba. Likitocin da, irin su Ibn Sina, suna da rukunin magunguna da suke kira jawarish, kayan yaji ne ake kwaɓawa da zuma a lasa don gyaran ciki. Ita kanta Pepsi a kantin magani aka haife ta. Caleb Bradham ne ya haɗa ta a garin New Bern na Amurka a 1893, ya sa mata wannan suna a 1898, yana tallarta a matsayin mai taimaka wa narkewa.

To amma me yake narkar da naman? Ku dubi hoton nan. Wannan Alexis St. Martin ne, wanda bindiga ta tashi ta same shi a 1822. Ya warke, amma ƙofar raunin ta ƙi rufewa, ana iya leƙa cikin tumbinsa. Likitansa William Beaumont sai ya riƙa ɗaure yankan nama da zaren siliki yana zurawa ta ƙofar, bayan wani lokaci ya jawo ya duba. Abin da ya gani shi ne nama yana saɓulewa a hankali cikin wani ruwa mai tsananin tsami. A 1836 kuma Theodor Schwann ya gano sinadarin pepsin, mai yayyanka nama a cikin wannan ruwa. Ku riƙe wannan da kyau: pepsin sai da tsami yake aiki. Tsamin ya ragu, aikinsa ya ja baya.

Yanzu ku zuba ido kan kofin nan. Ga jiƙon kanwa. Ga lemon tsami, shi ne zai tsaya a madadin ruwan tumbi. Mu matsa.

Kun ga kumfar? Kun ji sautinta?

Wannan iskar babu ita a kofin ɗazu. Haɗuwar kanwa da tsami ce ta haifar da ita yanzun nan a gabanku. Haka yake faruwa a cikinka, ɗan'uwa. Gyatsar da ka yi, yawancinta iskar da kanwar ta ƙirƙira ce, ta lemon kwalba kuwa tun daga masana'anta aka ɗura ta. Ta shiga, ta fito, ka ji sakayau. Naman yana nan kwance inda yake, kuma abinci mai maiƙo yakan ɗauki awa uku zuwa huɗu, wani lokaci fiye, kafin ya bar tumbi. Abin da ya fi damuna shi ne, in kanwa ka sha, ka rage tsamin a daidai lokacin da pepsin ya fi bukatarsa.

Kada a ce na raina kanwa. Tana kwantar da ƙwannafi na ɗan lokaci, wannan gaskiya ne. Sai dai cike take da sodiyam, wato sinadarin nan da ke cikin gishiri, don haka mai hawan jini ko ciwon ƙoda ya yi hattara. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama wasu masu jego.

Ni dai in aka tambaye ni, shayin citta na fi yarda da shi, domin tana rage tashin zuciya. Ka tauna naman sosai, ka ɗan taka ƙafa bayan ci, kada ka kwanta sai an yi awa biyu ko uku.

In kuma ciwon ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko kana rama, ko bayan gida ya koma baƙi kamar kwalta, ko ka ga jini a amai, ajiye kofin nan ka nufi asibiti. Gyambon ciki sau da yawa wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, akwai gwajinta, akwai kuma maganinta.