Iyakar cikin gida a dokar kare bayanan mutane

An rubuto wannan daga muryar wata lacca da aka naɗa a Maraɗi, an rage maimaici.

Assalamu alaikum. Iyayena da ƴan'uwana, kowa ya tuna lambobin da ke cikin salularsa, da hotunan suna da na aure. Duk bayanan wasu mutane ne. To, sai ka nemi izinin hukuma kafin ka adana lambar gwaggonka? A'a. Dokokin kare bayanai sun tsame abin da mutum ke yi don kansa ko don gidansa kaɗai. Dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki ran 25 ga Mayu 2018 ta faɗi haka a sashe na 2. Yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka, ta 2014, ita ma ta faɗa, amma ta gindaya sharaɗi: muddin ba za a riƙa miƙa bayanan ga wasu ba, ko a baza su. Ta Najeriya, ta 2023, ta ce ko don amfanin gida ne, kada a keta haƙƙin sirrin mutum. Mu nan Nijar, tun 2017 muke da tamu dokar, kuma hukumar kare bayanan mutane, wato HAPDP, ce ke kula da ita a Yamai.

Sharaɗin nan na kada a baza bayanan ne ya kawo ni gabanku. Doka ba ta duba inda kake zaune lokacin da ka danna waya, inda bayanin ya tafi take dubawa.

A Suwidin, wata mata mai aikin sa kai a coci ta buɗe shafin intanet da kwamfutarta ta gida. Ta sa sunayen abokan aikinta, da lambobin wasu, har ta rubuta cewa wance ta ji ciwo a ƙafa. Ba da mugunta ta yi ba. Amma a 2003, a shari'ar da ake kira Lindqvist, kotun Tarayyar Turai ta ce abin da aka shimfiɗa wa duk duniya ya daina zama harkar gida. A 2014 kuma aka yi shari'ar Ryneš, wani mutumin ƙasar Cek da ake yawan fasa wa tagogi. Ya kafa kamara, ta kama ƙofarsa, da hanyar jama'a, da ƙofar gidan da ke kallonsa. Kotu ta ce tunda idon kamarar ya tsallaka waje, doka ta hau kansa. Ku lura, ba ta hana shi kare gidansa ba, ta dai ce ya yi a ƙarƙashin doka. Wannan hukuncin Turai ne, ba ya ɗaure mu, amma ina roƙon alhazanmu masu kafa kamara a unguwannin Ali Ɗan Sofo da Zariya na nan Maraɗi su duba ko ƙofar maƙwabci na ciki, inda matansa da ƴaƴansa ke shiga da fita.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne littafin bashi. Mai kanti ya rubuta wane ya ɗauki buhun shinkafa, wance ta ɗauki atamfa. Wannan tun farko ba harkar gida ba ce, kasuwanci ne. Sai ranar da ransa ya ɓaci, ya ɗauki hoton shafin ya jefa a zauren WhatsApp na unguwa, ko a Facebook. Magidancin da ya ci bashi don ya rufa wa iyalinsa asiri, ya wayi gari yaran unguwa sun san nawa ake bin sa. Kuɗinka haƙƙinka ne, Alhaji, ka bi shi ta hannun mai unguwa ko alƙali. Tonon silili ba ya cikin haƙƙin.

Wata baiwar Allah ta yi tambaya: ita uwar adashe ce, tana riƙe da sunaye da lambobin mata a wayarta, ko ta yi laifi?

Hajiya, ba ki yi laifi ba. Idan ke da dangi da ƙawaye ne, kuma lissafin bai wuce tsakaninku ba, kina kusa da abin da doka ta tsame. Idan adashen ya girma ya zama sana'a, kina karɓar lada daga matan da ba ki ma sani ba, to kin fita daga ciki: ki gaya musu abin da kike rubutawa, ki sa wa wayar makulli, kada ki ba ɗan talla lambobinsu. Wadda ta kasa zubi kuma, ki kira ta ita kaɗai.