Tarihin Ƙungiyar IWW: Yadda Ake Bincikar Ma'aikatan Da Aka Ƙwace Wa Takardunsu

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai da sauran jama'a masu sauraro, maganarmu ta yau a kan wata ƙungiyar ƙwadago ce ta Amurka mai suna Industrial Workers of the World, wadda aka fi sani da IWW, da kuma wahalar da ke jiran duk wanda ya ƙudiri aniyar rubuta tarihinta.

An kafa ta a birnin Chicago a watan Yunin 1905, a wani taro da Bill Haywood, jagoran masu haƙar ma'adinai, ya buɗe, wanda fitattun masu fafutukar haƙƙin ma'aikata Eugene Debs da Lucy Parsons suka halarta. Manufarta ita ce a tara dukan ma'aikata a inuwa guda, baƙi da fari, mace da namiji, ɗan ƙasa da baƙon haure, a daidai lokacin da yawancin ƙungiyoyin ƙwadago ba sa karɓar lebura marar sana'ar hannu. Ita ce ta ja ragamar yajin aikin masaƙun birnin Lawrence na jihar Massachusetts a 1912, inda ma'aikata fiye da 20,000 masu harsuna daban-daban suka ajiye aiki har aka ƙara musu albashi.

Matsalar mai bincike ta faro ne daga ranar 5 ga Satumba, 1917, watanni kaɗan bayan Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Farko. A wannan rana jami'an gwamnatin tarayya suka kai samame ofisoshin ƙungiyar a faɗin ƙasar, suka kwashe wasiƙu da rajistar mambobi da littattafan kuɗi, kuma mafi yawan abin da aka kwashe bai sake komawa hannun masu shi ba. A 1918 aka gurfanar da shugabanni kusan 100 a gaban alƙali Landis a Chicago, aka yanke wa Haywood ɗaurin shekara 20, daga baya ya tsere zuwa Tarayyar Sobiyet, inda ya rasu a 1928.

Saboda haka babban kaso na abin da ya rage mana ya fito ne daga hannun abokan gabarta: rahotannin 'yan leƙen asirin da kamfanoni suka ɗauka haya, bayanan 'yan sanda, da kundin shari'a. Ina roƙon ɗalibai su tsaya a nan su yi tunani da kyau. Ɗan leƙen asirin da ake biya domin ya kawo labarin haɗari ba zai rubuta cewa taron jiya an yi shi lafiya an watse ba, domin ranar da haɗarin ya ƙare ranar ce abincinsa ya yanke. Duk da haka ba a watsar da rahotonsa. Yakan faɗi ranar taro da ɗakin da aka yi shi da sunan wanda ya yi jawabi, kuma waɗannan ana iya gwada su da wata majiya. Abin da ake taka-tsantsan da shi shi ne fassarar da ya yi wa niyyar mutane. Kundin shari'ar Chicago ma yana da amfani, domin masu gabatar da ƙara sun karanta wasiƙun ƙungiyar a gaban kotu don su kafa hujja, ta haka kalmomin ma'aikatan suka shiga rubuce.

Amma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ƙungiyar ta buga jaridu irin su Industrial Worker da Solidarity, da wasu cikin harsunan baƙin haure, kamar Industrialisti ta mutanen Finland da aka riƙa bugawa a birnin Duluth, da Il Proletario ta Italiyawa. A ganina, wanda ya tsaya ga Turanci kaɗai ya ji rabin labari ne. Takardun ƙungiyar da suka tsira suna ajiye a ɗakin karatu na Walter Reuther da ke Jami'ar Wayne State a Detroit, wasu kuma a Jami'ar Michigan.

Ƙidayar mambobi ita ma tana ba da wuya. Ɗan ƙungiya yana riƙe da jan kati a aljihu, ana manna masa ɗan tambari duk watan da ya biya kuɗi. Mai yankan alkama ko mai saran katako zai biya na wata uku, aiki ya ƙare, ya hau jirgin kaya ya nufi wata jiha. Adadin masu biya a wata guda bai kai adadin waɗanda suka taɓa riƙe katin ba, don haka idan kun ga alƙaluma a littafi ku tambayi wanne aka ƙidaya.

Wanda ke son bin sawun wannan aƙida a nahiyarmu sai ya duba Johannesburg, inda a 1917 aka kafa Industrial Workers of Africa bisa tsarin IWW, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin ƙwadago na farko na baƙaƙen fata a Afirka ta Kudu. A can ma 'yan sanda sun cusa mutanensu cikin tarurrukan, kuma rahotannin da suka rubuta su ne masana ke dogaro da su wajen gano waɗanda suka halarta da abin da aka tattauna.