Kujerar da Aka Ɗaure da Noti: Lacca Kan Fasalin Ajin Jami'a

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, iyayena malamai, 'yan uwa ɗalibai, ina gaisuwa. Na baya, kuna ji na? A ɗan ƙara sautin. Madalla. Ai wannan tambaya da na yi ita ce rabin laccar, tunda ɗakin da sai ka tambaya ko ana jin ka, ya riga ya tona wa kansa asiri.

An ce in yi magana kan yadda ake tsara wuraren koyo a manyan makarantu, na kuwa kasa ta gida huɗu: zama, iska da haske, na'urori, sai wuraren da ke wajen aji.

Mu fara da zama. Don Allah kowa ya juya kujerarsa ya fuskanci na bayansa. Ku gwada mana. Ta ƙi juyuwa ko? (Dariya.) An ɗaure ta da noti a ƙasa. Mai waldan da ya ɗaure ta wataƙila bai taɓa riƙe alli ba, amma shi ya yanke mini yadda zan koyar: ni in yi magana, ku ku kalli ƙeyar juna.

Wannan fasali na hawa-hawa yana da asali. A Jami'ar Padua ta Italiya akwai ɗakin fiɗar gawa da aka gina a 1594, yana nan har yau. Gawa a ƙasa a tsakiya, ɗaliban likitanci a tsaitsaye a matakai sun kewaye ta, kowa na leƙe. Don kallo aka yi shi, kuma ya dace da kallo. Matsalar ita ce mun ɗauki ɗakin kallo muna so a koyi lissafi a ciki, alhali lissafi ba ya shiga kai da kallo.

To, akwai wani malamin Fiziks a Jami'ar Jihar North Carolina ta Amurka, Robert Beichner. A shekarun 1990 ya fara wani tsari da ake kira SCALE-UP. Abin da nake ƙauna game da mutumin nan, farfesa ne guda, amma ya zauna yana awon tebur kamar kafinta. Ya gwada tebura iri-iri, ya tsaya a kan zagayayye mai faɗin ƙafa 7, wato mita 2 da 'yan kai. In ya gaza haka, gwiwar hannu na karo, ba wurin ajiye littafi. In ya wuce haka, na wancan gefe sai ya ɗaga murya kafin ka ji shi, hira ta mutu. Ƙafa bakwai. Ku riƙe wannan.

Kowane tebur mutum 9 ne, an kasa su uku-uku. Me ya sa uku? Ku da kuka yi aikin rukuni kun sani. In ku goma ne, mutum biyu ke aikin, takwas su zo sa hannu ranar miƙawa. (Dariya.) Wancan na dariya sosai, da alama yana cikin takwas ɗin. Amma a cikin mutum uku ba inda za ka ɓuya. Tebur 11, ɗalibi 99. Bango kuwa duk farin allo ne, ko'ina ka juya akwai wurin rubutu. Malam fa? Teburinsa na tsakiyar ɗaki, kuma ba zama yake yi ba, yawo yake tsakanin tebura yana leƙa aikin kowa. Ɗakin ba shi da gaba, ba shi da baya. Ku lura da wannan: babu baya. Layin nan na ƙarshe da ake barci, ake danna waya, ake cin gyaɗa, an shafe shi daga taswira.

MIT, wata babbar jami'ar kimiyya da fasaha a Amurka, ta ɗauki wannan tsari a farkon shekarun 2000 don darasin Fiziks na 'yan shekarar farko, ƙarƙashin Farfesa John Belcher, suka sa masa suna TEAL: tebur 13, kowanne mutum tara. Kada ku zaci an yi ta tafi. Ɗalibai sun yi ƙorafi, har takardar koke suka sa wa hannu. Dalili a fili yake: a zauren lacca kana iya fashi ka ari littafin abokinka ka kwafe, a nan kuwa in ba ka zo ba kujerarka na nan wayam, abokan aikinka biyu suna jiran ka. Amma yawan masu faɗuwa a darasin ya ragu sosai.

Ba su kaɗai ba ne. A 2014 wani mai bincike a Amurka, Scott Freeman, da abokan aikinsa sun tattara bincike 225 kan darussan kimiyya, lissafi da injiniyanci. Inda ake lacca zalla, kusan kashi 34 cikin ɗari ke faɗuwa. Inda ɗalibai ke aiki da hannunsu da bakinsu a cikin aji, kusan kashi 22. Ku auna da ajin mutum 300: kusan mutum 36 ke nan da za su tsira daga maimaita kwas.

Bari in ɗan kauce. Ranar da na fara ganin hoton ajin MIT ɗin nan, zauren da na yi karatun Ahalari ne ya faɗo mini a rai. Malam na kan buzu, mu muna kewaye a tabarma, kana ganin fuskar kowa. In ka biya karatunka ka koma gefe, wani da ya fi ka ya yi maka bita. A Azhar ta Masar ma haka aka daɗe ana yi, shehi ya jingina da ginshiƙi, ɗalibai su yi halƙa. Ban ce zaure da ajin MIT abu ɗaya ba ne, kada wani ya je ya ce na faɗa. Abin da na ce kawai, tabarma ba a ɗaure ta da noti. In mutum biyar suka ƙaru, a matsa. In rana ta shigo, a ja ta inuwa.

Shugaba ya nuna mini agogo. Subhanallah. To na uku... na biyu ko? Na biyu, iska. Ɗalibin da gumi ke ɗiga a kan takardarsa da ƙarfe biyun rana a watan Afrilu, ko teburin zinare ka ba shi ba zai fahimci komai ba. Ku nemi aikin Francis Kéré na Burkina Faso, ɗan Afirka na farko da ya ci lambar Pritzker ta zanen gine-gine, a 2022. Makarantar da ya gina a ƙauyensu Gando da tubalin ƙasa, ya ɗaga rufin kwano sama da silin, zafi ya riƙa fita ta tsakani. Daga baya ya gina cibiyar fasaha a Koudougou da yumɓun wurin. Yanayinsu irin namu ne, rana ɗaya ke dukan mu.

Na'urori, a gurguje. Na taɓa koyarwa a wani wuri da aka sayo majigi mai tsada, aka kulle shi a akwatin ƙarfe don gudun ɓarayi. Mai makullin ya tafi hutu. Zango guda muka yi muna kallon akwati. Ku fara da soket da farin allo.

Na ƙarshe kuma, barandar aji da gindin bishiya, inda ake karatun gaske daren jarrabawa. A MIT ɗin nan akwai wani ginin katako na wucin gadi da aka yi a 1943, ana ce masa Gini na 20. Saboda ba wanda ya damu da shi, masu bincike kan huda bango su ja waya yadda suka ga dama, sai da ya kai 1998 kafin a rushe shi. Zan so in... Na'am? Akwai tambaya? Bismillah, 'yar uwa.

(Wata ɗaliba ta ce: Malam, mu ajinmu mun fi 700, wasu a taga suke tsayawa. Ina za a sa mana teburin ƙafa bakwai?)

Kin kama ni. (Dariya.) Gaskiya ba inda za a sa, kuma ba zan yaudare ki ba. Amma akwai Eric Mazur na Jami'ar Harvard ta Amurka, shi ma Fiziks yake koyarwa, a zaure mai ɗaurarrun kujeru irin wannan. Tun farkon shekarun 1990 yakan yi bayani kaɗan, sai ya jefa tambaya mai zaɓi. Kowa ya zaɓi amsa shi kaɗai. Sai ya ce, juya ka shawo kan maƙwabcinka. Minti biyu zaure ya kaure da musu, a sake zaɓe, galibi masu amsa daidai su ƙaru. Kujera ba ta juyuwa, amma wuya na juyawa. Wannan ba ya buƙatar wuta ko intanet, yatsu sun isa: ɗaya, biyu, uku, a ƙirji, don kada a kwaikwayi na gaba.

Na taga kuwa, wannan maganar jadawali ce da raba aji gida biyu, kuma ga shugaban tsangaya nan zaune a layin farko yana murmushi, shi za ki tare a ƙofa.

Bari ma mu gwada yanzu, tunda an ba ni minti biyu. Tambaya: a ɗakin nan, me za a fara gyarawa? Ɗaya kujeru, biyu tagogi, uku lasifika. Yatsu a ƙirji. Kai mai jar hula, ban ce ka duba na kusa da kai ba. To, yanzu kowa ya juya ga maƙwabcinsa.