Gawa ce Ta Fara Ba da Labarin

Jama'a masu son karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Yau hirarmu a kan littattafan da ke ɗora ƙagaggen labari a kan tarihi ce, da kuma na binciken kisa.

Bari mu fara da na gida. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito ne daga gasar rubutun ƙagaggun labarai ta 1933, aka buga shi a 1934. Siriri ne, a zama ɗaya ma sai ka gama shi. An sace yaro, an bi da shi ta Sahara, uwarsa ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Abin da malamin tarihi zai faɗa a layi biyu, a nan sai ka ji shi a jikinka.

To, ga wanda na fi so ku nema: My Name Is Red na Orhan Pamuk, ɗan Turkiyya da ya karɓi kyautar Nobel a 2006. Labarin ya faru ne a Santambul, shekarar 1591. Babin farko gawa ce ke magana daga ƙasan rijiya, gawar wani mai ƙawata littattafan fada da ruwan zinare. Sarki Murad na Uku ya sa a yi masa wani littafi a asirce, da zane irin na Turawa, wasu kuma na ganin hakan saɓo ne. Wa ya kashe mai ƙawata littattafan? Cikin abokan aikinsa ne, kuma makashin kansa yana yi maka magana ba tare da ya faɗi sunansa ba. Har kare da bishiya da tsabar zinare suna karɓar labarin. Gaskiya tsakiyarsa na da nauyi, muhawara kan zane ta yi tsawo, amma ku daure.

In kuwa bincike zalla kuke so, ba ruwanku da tarihi, ku ɗauki And Then There Were None na Agatha Christie, na 1939. Mutum 10 a wani tsibiri, suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ba hanyar fita. Don Allah kada ku leƙa shafin ƙarshe, kuma wanda ya riga ya karanta ya kama bakinsa.