Wa zai gyara tsohuwar unguwa? Aikin lungu da aikin magajin gari

Assalamu alaikum jama'a. Yau a Garwa ta arewacin Kamaru muke, kuma maganar tsofaffin unguwannin tsakiyar gari za mu yi, waɗanda ke dab da kasuwa da fada, amma in damina ta yi nisa ko mai babur sai ya sauke ka a bakin titi ya ce ka ƙarasa da ƙafa.

Yaya aka yi suka zama haka? A ƙidayar 1976 mutanen Garwa wajen 64,000 ne. A ta 1987 sun kusa 142,000, a ta 2005 kuma sun kai wajen 236,000. Wasu sun yanki fili a bayan gari, amma mai neman na yau ba ya son nisa da kasuwa, sai ya cusa kai cikin tsohon gari. Gidan da kaka ya gina wa iyali ɗaya, magada suka raba shi, kowa ya ja katangarsa, aka fitar da ɗakunan haya, zaure ya koma shago. Tsakar gidan da ruwan sama ke kwanciya ya shige ƙasa, an rufe ta da kwano da siminti. Lungu kuwa yana nan yadda yake tun zamanin da jaki ne babbar motar kaya.

Ku yi wannan lissafi tare da ni. Ruwan saman da ke sauka a Garwa ya kai wajen milimita 1,000 a shekara, kusan dukkansa tsakanin Mayu da Oktoba. Rufin kwano mai faɗin murabba'in mita 100 yana zubar da lita 100,000 ke nan, wato duro 500 na lita 200. Gida ɗaya fa. Ku ninka da gidajen lungunku, ku ƙara ruwan wanka da na wanke-wanke da ke fita ta rariya kullum, sannan ku tambayi kanku ina duk wannan ruwa yake zuwa. Gindin katangar maƙwabci yake zuwa, da bakin rijiya, da ramin masai. Wanda ya ga kwalarar 2010, wadda ta kashe ɗaruruwan mutane a arewacin Kamaru, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Sai dai ruwa iri biyu ne, kada mu haɗa su. Akwai na kogi, irin na 2012 da Binuwai ta cika ta batse aka saki ruwan madatsar Lagdo. Wannan ya fi ƙarfin shebur ɗin kowa, aikin hukuma ne. Akwai kuma ruwan lungu, wanda daga rufinmu da rariyarmu yake fitowa. Shi ne namu.

Kuɗin da ke zuwa daga sama, manyan tituna yake bi. Mun gani da idonmu lokacin gasar cin kofin Afirka a Janairun 2022, da aka gyara filin Rumde Ajiya da hanyoyin zuwa can, har 'yan'uwanmu na Najeriya suka cika gari kafin Tunisiya ta sallame su da ci ɗaya. Aikin ya yi kyau, ba na raina shi. Amma ka bar kwalta ka yi taku hamsin cikin unguwa, za ka tarar da taɓon da ka bari. Injiniyan da ke zana taswira a Yawunde ba ya ganin lungu mai faɗin mita biyu, kuma ko ya gan shi, motar aikinsa ba ta shiga.

Akwai inda aka warware wannan ƙulli, kuma talakawa ne irinmu suka warware shi. Orangi wata ƙatuwar unguwar marasa ƙarfi ce a birnin Karaci na Pakistan. A 1980 wani dattijon masani, Akhtar Hameed Khan, ya fara aiki a can. Bai zo da kuɗin rabo ba. Ya zauna da mutane ya gano abin da ya ɗaure musu hannu: sun sa a ransu cewa magudana aikin gwamnati ne, suna ganin kuɗinta ya fi ƙarfinsu, ba su da mai yi musu awo, kuma ba su da tsarin da zai haɗa su. Sai ya bar maganar unguwa gaba ɗaya ya koma kan lungu, mai gida ashirin zuwa arba'in, inda kowa ya san kowa. Kowane lungu ya zaɓi jagoransa, ya tara kuɗinsa, ya haƙa raminsa. Ma'aikatan Khan awo kawai suke yi, su zana, su faɗi kuɗin kaya, su ba da aron kayan aiki. Ba sa taɓa kuɗin mutane. Da aka cire ɗan kwangila da na goro, aka sauƙaƙa zanen, sai farashi ya faɗi warwas. A hankali mafi yawan lungunan Orangi suka shimfiɗa bututunsu da kuɗin aljihunsu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda suka raba aikin gida biyu. Na ciki, wato masai da bututun lungu da wanda ke tattara na lunguna, na jama'a ne. Na waje, wato babbar magudana da wurin tace ƙazanta, na hukuma ne. Kowa ya san inda nasa ya tsaya. Su bututun ƙazanta suka binne, mu kuwa ruwan sama da yashi ne suka fi damunmu, don haka lambatu mai murfin siminti da za a iya ɗagawa a kwashe ya fi dacewa da mu. Kuma don Allah kada wani ya haɗa masansa da lambatu.

To a lungunmu ta ina za a fara? Ta awo. Yawancin aikin gayya da ya lalace, a nan ya lalace. Samari su fito ranar Lahadi da diga da shebur, a yi ta haƙa da kiɗa da shayi, ruwan farko ya sauka, sai a ga lambatun ya cika ya tsaya cik, domin tsakiyarsa ta fi bakinsa zurfi. An haƙa wa sauro gida ke nan. Alhali kayan awon ba su fi ƙarfin kowa ba. Tiyo ne fari mai nuna ciki, mita goma ko sha biyar, a cika shi da ruwa a fitar da iska. Mutum ɗaya ya riƙe baki ɗaya a jikin turke, ɗayan ya riƙe ɗaya bakin a turke na gaba. Inda ruwan ya tsaya a bakin nan, daidai yake da inda ya tsaya a wancan. A ja layi da alli a duka biyun, a auna daga layin zuwa ƙasa, nan take za a san ina ne tudu ina ne gangare. Duk magini mai hankali ya iya wannan. Abin da ake nema shi ne ƙasan lambatu ta riƙa sauka wajen santimita ɗaya a kowace mita. Kuma daga ƙasa ake farawa, daga inda ruwan zai fita, a haƙo zuwa sama. In aka fara daga sama, ranar da kuɗi suka ƙare a ƙofar wani bawan Allah ruwan lungu duka zai taru, daga nan kuma sai ƙara a fada.

Sai kuɗi, inda zumunci ke mutuwa. A ce gida talatin ne, kowanne yana ba da sefa 500 duk mako. Sefa 15,000 ke nan a mako, 300,000 a mako ashirin, wato daga ɗaukewar ruwa a Nuwamba zuwa zafin Maris. Ba zai gina gada ba, amma zai sayi siminti da rodi na wani yanki, in ƙwadagon na 'yan lungu ne. Tarawar ba ta da wuya kamar riƙewar. A ganina a ba iyayenmu mata wannan aiki. Uwar adashi ta shekara da shekaru tana karɓar zubi tana ba da kwasa ba tare da ko dala ta yi ciwon kai ba, kuma ta san gidan da ke da hali da wanda ake rufa wa asiri. Mai karɓa daban, mai rubutawa daban, mai sayen kaya daban. Littafin kuma a karanta shi a fili duk Juma'a bayan la'asar: an karɓi kaza, an sayi buhu kaza, ga rasit, saura kaza. Wanda ba shi da kuɗi ya ba da ƙarfinsa, a rubuta masa. Gwauruwa mai marayu a ɗauke mata, kuma a faɗi haka tun ranar farko don kada a yi ta gunaguni a bayan fage.

Jauro ko mai unguwa shi ne uban taro, ba a tsallake shi, shi zai kira wanda ya ci hanya da dakali ya ce masa, Alhaji, a yi haƙuri a ja baya kaɗan. Liman kuma kalma biyu daga bakinsa bayan sallar asuba sun fi takardar gayyata. Amma kada a ɗora musu jakar kuɗi. Ranar da lissafi ya rikice, wa zai iya tsayawa ya tuhumi jauro?

Yanzu ga bakin lungu, inda namu ya ƙare. In babbar magudanar bakin titi ta toshe da leda da yashi, ko babu ita sam, duk wahalar nan ta koma kan unguwar da ke ƙasa da ku. Ledar nan ma, tun 2014 dokar hana sirararta ta fara aiki a Kamaru, amma ku leƙa kowace kwata ku ba ni labari. A nan ne ake bukatar hukuma, kuma akwai ƙofar shiga. Garwa tana da ƙananan hukumomi uku, ta ɗaya da ta biyu da ta uku, ga kuma magajin garin birni a samansu. Dokar ƙananan hukumomi ta Disambar 2019 ta san da zaman kwamitocin unguwa. Dokar ƙungiyoyi ta Disambar 1990 kuma ta ba ku damar kai sunan ƙungiyarku da tsarinta ofishin perefe, wato wakilin gwamnati a yankin, a yi muku rajista. Da wannan takarda za ku buɗe asusu da sunan ƙungiya, ku sa hannu a yarjejeniya, ku zauna da kamfanin kwashe shara na Hysacam a tsayar da inda samarinku za su riƙa kai sharar da suka kwaso da baro daga lungunan da mota ba ta shiga.

Akwai wata magana da ba a son yi a taron gyaran unguwa, ita ce ta 'yan haya da ta takardar fili. Ɗan haya ya ba da 500 ɗinsa, ya yi haƙa, lungu ya bushe, an sa fitila. Wata uku sai mai gida ya ce ai yanzu unguwa ta yi daraja, haya ta ƙaru. Da hannunsa ya haƙa abin da zai kore shi. Shi ya sa tun kafin a sa diga ya kamata a yi magana a gaban jauro da shaidu: ko masu gida su ɗauki kuɗin siminti tunda kadararsu ce ke ƙaruwa, ko a yi alkawarin ba za a taɓa haya ba zuwa wani lokaci da aka yanka. Kuma a ba 'yan haya kujera a kwamiti.

Masu gidan ma ba su tsira ba. Tun dokar filaye ta 1974, shaidar mallaka da hukuma ta sani ita ce titir fonsiye. Gidaje da yawa a tsohon gari gado ne, abin da ke hannun magada bai wuce takardar ciniki mai hatimin mai unguwa ba, wani ma shaidar dattawa kawai. Filin tsakiyar gari kuwa kullum akwai mai kallonsa. Mutanen Injamena, babban birnin Chadi, sun ga haka a 2008, lokacin da aka rushe gidaje a unguwanni irin su Gardole bayan harin 'yan tawaye na watan Fabrairu, dubban mutane suka rasa matsuguni. A Amurka ma wannan tsoro ne ya sa mutanen Dudley, wata unguwar talakawa a Boston da gobara da juji suka cinye, suka kafa ƙungiyarsu a 1984. A 1988 suka samu ikon karɓar filayen da masu su suka yi watsi da su, suka sa ƙasar a hannun amintattun unguwa: ka mallaki gida, amma ƙasar ta jama'a ce, kuma ba ka sayar da shi yadda ka ga dama. Wanda ya san waƙafi, wato dukiyar da aka tsayar don amfanin jama'a, ba zai ga baƙon abu a nan ba. Dokarmu daban ce da tasu, amma ba abin da ya hana kwamiti ya bi gida-gida ya rubuta wa ke ciki, tun yaushe, da wace takarda, sannan maƙwabta su haɗa kuɗi su kira mai awon fili sau ɗaya maimakon kowa ya kira nasa.

Wannan rajistar gidaje da taswirar lungu da kuka zana da tiyo da alli, su za ku ɗauka zuwa wurin magajin gari. Wanda ya je da kuka, sai a ba shi haƙuri da ruwan sanyi. Ku ku je da takarda: ga lungunanmu, ga yawan gidaje, ga mita kaza da muka gina da kuɗinmu, ga hotuna, abin da ya rage mita kaza ne na babbar magudana daga nan zuwa can. Ku lura da lokaci kuma. Shekarar kuɗi ta ƙaramar hukuma daga Janairu take farawa, kansiloli kuma kafin ƙarshen shekara suke zama su amince da kasafi. Takardar da ta iso a Fabrairu sai ta jira baɗi. Ku kai taku tun ana cikin damina, lokacin da ruwan ke kwance ana ganinsa, ku karɓi shaidar an karɓa mai hatimi da kwanan wata, ku ba kansilan unguwarku kwafi a hannunsa, sannan ku tambaye shi ranar da za su zauna.