Wa ya biya kuɗin gwajin maganin?

Zainab: Masu saurare, barkanmu da warhaka. Yau ina tare da Malam Bashir da Dakta Halima, kan batun masu biyan kuɗin gwajin magani. Dakta, tun kafin a kunna makirufo kike ta cika kina batsewa. Bismillah.

Halima: Ai dole. Ku ɗauki Jesse Gelsinger, matashi ɗan shekara 18 a Amurka. Yana da wata cutar hanta ta gado, amma da magani da kiyaye abinci yana rayuwarsa. A 1999 ya shiga gwajin maganin gyaran ƙwayoyin gado a wata jami'a a Filadelfiya. Kwana huɗu bayan allurar ya rasu. Sai ga shi jagoran cibiyar da ke gwajin, James Wilson, yana da hannun jari a Genovo, kamfanin da zai ci riba in an dace.

Bashir: Allah sarki. Amma tsakani da Allah, Dakta, hannun jarin ne ya kashe shi?

Halima: Ban ce ba. Sai dai birai sun mutu a gwajin da aka yi tun farko, kuma takardar amincewar da yaron ya sa wa hannu ba ta faɗi haka ba. Mai jiran riba ba zai yi saurin cewa a dakata ba, ko da mutumin kirki ne.

Bashir: To ai gwajin magani kuɗi yake ci ba na wasa ba. In kamfani bai biya ba, wa zai biya? Ni a ganina kowa ya bayyana wanda ya ba shi kuɗi, shi ke nan.

Zainab: Nan ne zan saɓa maka, Malam. Akwai binciken da ake kira 329, kan maganin ciwon damuwa paroxetine. A 2001 aka wallafa cewa yana yi wa matasa aiki kuma ba shi da wata illa ta a zo a gani. Ba a ɓoye cewa kamfanin GlaxoSmithKline ne ya ɗauki nauyi ba, yana nan a rubuce. Sai a 2015 wasu masu bincike suka koma kan asalin bayanan, suka buga a mujallar likitanci ta BMJ cewa bai fi ƙwayar da ba komai a cikinta aiki ba, ga shi kuma ya ƙara wa yaran tunanin kashe kai.

Bashir: Shekara 14!

Halima: Likitoci kuwa suna ta rubuta shi. Kamfanin ya biya dala biliyan 3 a 2012, kan laifuffukan da suka haɗa da tallata shi don a ba yara. Ni abin da nake tambaya shi ne, bayanan suna hannun wa? Wa ke da ikon cewa kar a buga sakamako in ya fito ba daɗi? Shi ya sa tun 2005 manyan mujallun likitanci suka ce sai an yi wa gwaji rajista kafin a fara ɗaukar mutane, don kar a binne shi daga baya.

Bashir: To in ni aka kawo wa takardar amincewa da shiga gwaji fa?

Halima: Ka tambayi likitan ko ana biyansa a kan kowane mutum da ya shigar.

Bashir: Ido da ido? Da kunya fa.

Halima: Ai jikinka za a yi wa allurar, Malam Bashir.